Burtun Tabkin Mode

Bodinga, 6 ga Disamba, 1954

Daga Maniru, tafintan Baturen daji, zuwa ga taubashina kuma bawana, Sodangi na Tabkin Mode, bayan Horo Birni.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, in dai ana kiran mai warin albasa lafiyayye. Ka gaishe mini da Khadijatu, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Na ji an ce ƙirjinta ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ɗari.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɓata takarda a kanka. Baturen da nake wa aiki, wanda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Zalɓe saboda dogon wuya da iya tsayuwa bakin ruwa, ba shi da wani ciwo a duniya sai na tsuntsaye. Ba harbi yake ba, ba ci yake ba. Akwati gare shi mai ƙafa uku, ya leƙa, ya danna, sai ga tsuntsu a takarda. Wai agwagin da ke sauka tabkunanmu da sanyi daga ƙasarsu suke tasowa. Kai ka ji, har agwagwa sai sun ce tasu ce. Na ba shi labarin tabkinmu, tun ranar bai bar ni na huta ba.

Muna tafe Talatar ƙarshe ta watan nan na Rabi'u Lahir, kwana uku za mu yi. Amma da sharaɗi. Zalɓe ba ya son mutum cikin hotonsa, ko abin da hannun mutum ya taɓa. Ka tuge jigon ban ruwa, ka kwance bukkar nan taka mai kama da akurki, ka kawar da mutum-mutumi, ka yanki ciyawa ka lulluɓe fangalin albasa. Ka tsare iyalinka gida.

Sai na biyu. Kan burtun nan na babanka, wanda yake ɗaurawa a goshi in zai saci jiki ya kusanci dinya, ka ɗauko shi. Ka rarrafa ta yamma, ka riƙa koro tsuntsayen a hankali wajen akwati. Kada Zalɓe ya sani, ya fi son ya ɗauka da kansu suka zo. Rarrafe dai ba baƙon abu ba ne a wajen bawa.

Ka ba Idi falke amsa.

Ubangidanka, Maniru

*

Tabkin Mode, 15 ga Rabi'u Lahir

Daga ubangidanka Sodangi ɗan Arzika zuwa ga bawan gidanmu Maniru, mai ɗaukar ma Nasara ruwan wanka.

Bayan gaisuwa da tambayar lahiya. Takardarka ta iso hannun Idi, har ta kwashi warin jaki. Muna lahiya. Tarin Khadijatu ya ragu. Ta ce in gaishe ka, na ce ba a gaida bawa, ta ce in ji tsoron Allah.

Kai, Maniru! Ashe har ka yi girman aiko mani da sharaɗi? Kai da ka zo nan shekarar da babanka ya rasu, da ɗan wandonka iya gwiwa, wai a yanka maka fadama rabon kakarka. Na miƙa maka hauya gaban mutane na ce sari mu gani, ka ɗaga ka sari babban yatsanka. Wallahi har gobe in anka zamna bakin masallaci sai an tada zancen, a yi dariya har da hawaye. Mode ya haifi kakana namiji, ya haifi kakarka mace. Mu munka tsaya ga ƙasa, ku kunka bi miji. Mi ya haɗa ka da fadama?

To amma baƙo baƙo ne. Ba za a ce Bature ya taka ƙasar Mode ya iske abin kunya ba. Zan tuge jigon, in kwance bukka, in share wurin awa ba a taɓa zama ba. Ko kashin jaki ba shi gani.

Magana guda dai ka riƙe, wagga ba wasa. Gero bai yi ba bana, ka sani. Albasar nan ita ce tuwonmu har damana, mu goma sha ɗaya. Kwana uku ba ban ruwa tana jurewa, na huɗu ba ta jurewa. Ran na uku ka ja Zalɓenka ku kama hanya.

Kan burtu shina nan rataye. Shekara tara rabona da shi, gwiwa ta tsufa, amma zan nuna maka aikin da kakanninka mata ba su koya maka ba. Ka taho mani da sukari.

*

Tabkin Mode, 3 ga Jimada Lawwal

Zuwa ga Maniru, bawa marar tarbiyya.

Gaisuwa. Ina fata kun sauka lahiya. Ni dai ina kwance, gwiwoyi sun kumbura, Khadijatu na gasa mani su da ruwan zahi tana mita. Jigo ya koma wurinshi, albasa ta sha ruwa ta miƙe, alhamdu lillahi.

Kun tahi ko sallama ba ka tsaya munka yi ba, to bari in hwaɗa maka abin da ba ka gani ba, tun da kai kana gabas kana riƙe ma mutum hula. Da anka idar da Asuba na shiga ciyawar gemba ta bakin ruwa, na yafa baƙin bargo, na ɗaura kan burtu. Sanyin taɓon nan, Maniru, har cikin haƙori. Ruwa na hidda tururi awa tukunyar koko, bado duk ya rufe baki. Da rana ta ɓullo sai tabkin ya yi ja, sannan na ga yawansu. Kirinjijiya ta cika tsakiya tana kuka, dinya na gefe, kwasakwasa sun jeru suna kamun kihi tare, gauraka biyu na tsalle bisa tudu. Su kuma baƙin agwagin masu tsinin wutsiya ba su ƙirguwa. Shekara hamsin ina bakin ruwan ga, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, kullum ina duƙe ga guga. Ran nan na ce kai, ashe abu mai kyau Mode ya bar muna.

Aikin burtu ba gaggawa. Ka ja gwiwa ɗaya, ka sunkuyar da kai awa kana tsattsagar ƙwaro, ka ɗaga, ka dubi wani wuri daban. In ka dubi tsuntsu ido da ido ka ɓata. Haka na riƙa tura su taki ɗaya ɗaya, tun hantsi bai yi ba har rana ta take, sai da sunka kusa hawa ƙahwar akwatin. Na hango Zalɓe shina ta danna akwati. Ran na ukku wata dinya ta matso har tana caccakar bargona, na riƙe tari har na ga duhu.

Abu ɗaya ya tsaya mani a rai. Da kunka biyo ta gari za ku hau mota, na gaishe ka, ka dube ni ka kau da kai. Ya tambaye ka wani abu da Turanci shina nuna ni, ka ba shi amsa gajera. Mi ka ce mashi? Ko kunya ka ji a ce wanga mai taɓo ga ƙahwa ubangidanka ne?

Sukarin ma ba ka kawo ba, matsiyaci. Ka aiko mani hoto guda in gani.

*

Bodinga, 10 ga Janairu, 1955

Zuwa ga bawana Sodangi, sarkin rarrafe.

Gaisuwa da jaje a kan gwiwa. Ka ce wa Khadijatu ta daina ɓata itace, tsohon jaki ba ya gyaruwa. Ina lafiya, har ƙiba nake.

Hotuna sun fito, Zalɓe kamar ya yi hauka don murna. Abin da na ce masa kuwa ranar, cewa na yi kai mahaukacin garin ne. Ƙarya na yi?

To albishirinka. Na sayar da kai, na sayar da tabkinka. Zalɓe ya ce wurin ya fi ƙarfin ƙazamai irinku, za a kewaye shi a mai da shi gandun tsuntsaye, ba noma, ba su, ba kiwo. Har an manna takarda a ƙofar ofis, wai duk mai gona a wurin ya zo ya faɗa kafin Alhamis, sha bakwai ga Jimada Lahir. Ka zo mana! Ka ɗauro kan burtunka ka rarrafo tun daga Horo Birni har Bodinga, in tara 'yan kasuwa su sha kallo, in sa a ba ka tsaba ka tsattsaga. In ba ka zo ba kuwa, ni za a naɗa sarkin tabki, ka riƙa faɗuwa kana gaishe ni.

Ubangidanka na gobe, Maniru

*

Tabkin Mode, 22 ga Jimada Lawwal

Zuwa ga Sarkin Tabki, mai mulkin kwaɗi.

Ranka shi daɗe cikin taɓo! Muna lahiya, gwiwa ta saɓe, albasa ta fara kai.

Na karanta ma mutane takardarka bayan La'asar, Isa maƙwabcina har da faɗuwa daga kan tabarma. Wagga ta hi ta bara, da ka aiko wai an rubuta jakina soja in kai shi Sakkwato a auna mashi takalmi. Amma ni ba a kama ni sau biyu, ko sau ɗaya ma ba ka taɓa ba. Na san haushin mi ka ke ji. Tun shekarar da na aika maka gidanka na Lambara ya ƙone, ka taho a ƙasa ba hula, ka iske mu muna cin tuwo cikin gidan, ka ke neman ramuwa. So ka ke in bar ban ruwa in yi tahiyar wuni, in tsaya ƙohwar ofis ina rantsuwa, kai kana bayan taga kana riƙe ciki. Allah shi kiyashe ni.

Khadijatu ta ce, "Malam, ko za ka leƙa dai? Maganar da rana cikinta." Na ce ke ba ki san taubashi ba. In ya sa rana da wata, to ƙaryar ta nuna ke nan.

Ka ce ma Zalɓe na ba shi. Ku ɗauki tabkin duka, da ruwan da taɓon da kwaɗin, ni Sodangi ɗan Arzika ba ni da magana. In shina son sauro ma a ƙara mashi kyauta.

Har yau ba hoto, ba sukari.

*

Tabkin Mode, 25 ga Jimada Lahir

Zuwa ga ɗan'uwana Maniru.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lahiya. Mu ba lahiya ba.

Maniru, na ajiye wasa, don Allah kai ma ka ajiye. Jiya da hantsi mutane shidda sunka zo da mota, da turaku masu jan kai. Sunka kakkafa tun daga itacen marke na tudu har mashayar shanu, lambuna duk ya faɗa ciki. Sunka tuge jigo sunka jefar bayan iyaka. Na riƙe rigar babbansu, ya buɗe mani takarda ya ce wa'adi ya wuce da mako guda, ba wanda ya zo. An ba Isa baƙar riga da sanda, wai shi ne mai gadi, ko dubana ba ya iya yi.

Saura kwana ashirin da 'yan kai a cire albasar ga. Ban ce a bar mani tabki ba. Ban ce a bar mani fadama ba, wannan sai mu yi magana daga baya. Kwana ashirin kawai, in ba ta ruwa in cire abina. Kai ka san da lambu a wurin, kai ka ce in ruhe shi. Kalma guda za ka hwaɗa ma mutumen ga.

Na so in taho da kaina, na ji tsoron in juya baya shanu su shiga. Idi na jiran amsa, na roƙe shi kada shi baro Bodinga sai da ita. In na taɓa ɓata maka, ka dubi yaran gidan nan, su ba su yi maka komi ba.

Sodangi

*

Bodinga, 28 ga Fabrairu, 1955

Daga Malam Maniru, malamin gandun tsuntsaye, zuwa ga Sodangi.

Bayan gaisuwa. Na sami takardarka tun kwana tara, aiki ya yi yawa. Ina lafiya.

Ban ga abin da ya ba ka mamaki ba. Doka ta ce a sanar da mai gona, an ba ni aikin, na sanar da kai. Na rubuta maka abin da za a yi, na rubuta maka wurin zuwa, na rubuta maka rana. Wace kalma ce ƙarya a ciki? Kai ka zaɓi ka yi dariya. Matarka ta fi ka hankali.

Amsarka kuwa na karanta wa Zalɓe ita, na juya masa da Turanci daidai yadda ka rubuta: ku ɗauki tabkin duka, ni Sodangi ɗan Arzika ba ni da magana. Kwaɗi da sauro kawai na tsallake. Ya ce kai dattijon kirki ne. Tana nan cikin fayil da sunanka a ƙasa.

Ka ce in gaya masa akwai lambu. Hoto talatin da shida ya ɗauka, an aika da su sama, manya sun duba. Babu jigo, babu bukka, babu fangali, babu ko sawun mutum. Aikinka ya yi kyau, ko kashin jaki bai gani ba. Yanzu in tashi in ce akwai gona, wa zai yarda da bakin tafinta ya bar abin da ido ya gani?

Kana tuna min da hauya kamar na manta. Shekara goma sha tara ke nan. Farcen bai sake tsirowa ba, kullum na cire takalmi sai na gan ka. Ranar, rasuwar babana kwana arba'in, uwata ba ta da inda za ta shuka ko yakuwa. Jini na zuba, kai kana cewa a kawo wa amarya lalle. Da na yi fushi aka ce haba, taubashinka ne, ba a fushi da taubashi. To na koya. Ni ma wasa na yi maka, kada ka yi fushi.

Ga hoton da ka dame ni a kai. Dubi hagu, cikin gemba. Zalɓe ya ƙirga tsuntsu iri ashirin da bakwai, na ashirin da bakwai burtu ne. Ya yi mamakin ganin burtu cikin taɓo, har ya rubuta wa abokansa. Ka kwantar da hankalinka, kana cikin waɗanda doka ta hana a taɓa.

Ga kuma sukari.

*

Horo Birni, 20 ga Rajab

Zuwa ga Malam Maniru, malamin gandu. Ranka shi daɗe.

Gaisuwa irin wadda talaka ke yi ma ma'aikaci. Muna nan yadda Allah ya so. Khadijatu ta tahi Shagari da ƙananan yara wurin yayanta Hassan, shi nashi geron ya ɗan yi. Manyan biyu sun bi mota neman aikin ƙarhi. Gidan ya yi faɗi.

Ka san abin da ya faru, kana wurin. Amma ka ga ƙarshe ne kawai, ina son a samu takarda guda cikin fayil ɗinka da ta hwaɗi abin daga farko.

Tun kwana na huɗu da kafa turaku na ɗauko kan burtu. Na ce tun da tsuntsu na da izinin shiga, mutum ba shi da, to bari tsuntsu shi yi ban ruwa. Kullum da sassahe in yafa bargo, in rataya gora biyu ƙarƙashin ciki, in rarrafa daga iyaka zuwa ruwa, daga ruwa zuwa fangali. Abin da jigo ke yi kahin hantsi, ni sai in kai Azahar ban gama rabi ba. Na zaɓi fangali goma sha biyu na ba su rai, sauran na bar su sunka mutu ina kallo. Isa shina ganina. In na ɓullo sai shi juya shi dubi gabas, har wuyanshi ya ƙage. Allah shi saka mashi, kada ka kore shi, ni na ruɗe shi.

Kwana goma sha shidda na yi haka. Fatar gwiwa ta tahi, na ɗaura tsumma. Albasa ta fasa ƙasa, ja, kowace awa dunƙulen hannu. Saura 'yan kwanaki ganye shi kwanta.

Sai ga ka bisa tudu da madubin Zalɓe mai jawo nesa. Isa ya ce tun da hantsi ka ke kallona, ka hana a yi motsi sai da mutanen gari sunka taru. Da na ji muryarka na cire kan burtu zan miƙe, ka ce a'a, mutum bai shigo nan ba, tsuntsu ya shigo, tsuntsu za shi hita. Na mai da shi ga goshi. Na rarrafa taki ɗari biyu gaban surukaina da waɗanda na yanka ma ragon suna. Ka jira dariya, na ji ka kana jira. Ba wanda ya yi sai kai, kai ma ba ta yi tsawo ba.

Albasar da ka sa anka tuge anka watsa cikin tabki, ta taso bisa ruwa, iska ya koro ta bakin iyaka. Mata sun so su tsinta, na hana.

Na yi tunanin hauyar nan ƙwarai. Abin da na yi maka ranar mugunta ce, na sa mata rigar wasa don kada a ce mani komi. Da ka zo ka hwaɗa mani haka ido da ido, ko bara ne, wallahi da na yanka maka daga marke zuwa rijiya. Ban sani ba ko da na yi, amma haka ni ke gani yanzu. Na roƙi Allah gafara, kai ba na roƙon ka.

Wasan da ke tsakanin gidanmu da naku tun daga ɗiyan Mode ya ƙare a kaina. Na hwaɗa ma yarana, in sun gamu da naka su durƙusa su gaishe su, kada su kuskura su tsokane su. Ba za ka ƙara jin na kira ka bawa ba.

Idi zai ba ka ƙunshi. Akwai hotonka, akwai sukarinka ban taɓa ba. Kan burtu na riƙe, na babana ne. Abu mai nauyin kuwa hauyar ce, ita dai wadda ka sani, na sake mata ƙota na wasa ta. Ka zo neman fadamar Mode anka hana ka, yau ga ta duka a hannunka, har inda ba ka roƙa ba. Ƙasar gefen marke ta hi kyau, ba ta son taki da yawa. Ka ɗauki hauyar ka shiga ka yi sara guda, Isa na nan da sanda, kai ne ka karanta mashi dokar da ta hana.

Talakanka,
Sodangi ɗan Arzika